Cibiyar da Ta Ƙi Faɗuwa da Sirrin Fararen Ƙwayoyin Jini

A 1979 wasu likitoci a Ingila suka wallafa a mujallar Lancet labarin jarirai da cibiyarsu ta ƙi faɗuwa har makonni suka shuɗe, ga ciwuka suna bin su a kai a kai. Daga baya aka gane alamun wannan cuta sarai: gyambo ba ya mugunya, alhali jinin yaron cike yake maƙil da fararen ƙwayoyi. Suna nan da yawa, sai dai sun kasa fita daga jijiya zuwa inda ake nemansu.

Fitar kuwa sai da manne. Niyutrofil, wadda ta fi kowace farar ƙwaya yawa a jinin mutum, tana bin gudun jini ne har ta iso kusa da rauni. Nan wasu furotin da ake kira selektin ke rage mata sauri, ta riƙa mirginawa a bangon jijiya. Sai wasu masu ƙarfi, intagirin, su cafke bangon kamar ƙarangiya a bakin wando, ta tsaya cak, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin bangon ta fita. Yawancin intagirin ɗinta suna da ɓangare guda da suka yi tarayya a kai, CD18, wanda umarnin ƙera shi ke kan kuromosom na 21. Wannan umarni ne ya lalace a irin waɗancan jariran, kuma sai yaro ya gaji lalacewar daga uwa da uba duka cutar ke bayyana.

To, ba da wannan kayan aiki ake haifar ƙwayar ba. Ɓargon babban mutum na fitar da niyutrofil wajen biliyan 100 a kullum, kowacce bayan ta shafe kusan mako biyu tana girma mataki-mataki. Kundin gado iri ɗaya ne a jaririyar ƙwaya da wadda ta nuna. Bambancin shi ne wane sashe aka buɗe, kuma yaushe. Aikin buɗewar na wasu furotin ne da ke sauka a goshin umarnin gado. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne PU.1, wanda masu bincike a ɗakin gwajin Daniel Tenen a Harvard suka nuna a 1993 cewa shi ke tayar da umarnin CD11b, abokin haɗin CD18. Yayin da ƙwayar ke nuna, CD11b na ƙaruwa a fatarta, su kuma abubuwan da ke ɗaure ta a ɓargo, irin su CXCR4 da VLA-4, suna raguwa. Ana kwance mata igiyar gida ne daidai lokacin da ake ba ta abin kama jijiya.

Wata sankarar jini ta nuna muhimmancin wannan lokaci. A cikinta guntayen kuromosom na 15 da na 17 ke musayar wuri, su haifar da gurɓataccen furotin da ke danne umarnin girma, ƙwayoyi su maƙale a tsakiyar hanya suna ta yaɗuwa. A tsakiyar shekarun 1980, Wang Zhenyi da abokan aikinsa a Shanghai suka gwada ATRA, wani sinadari dangin bitamin A. Maimakon ya kashe ƙwayoyin, sai ya ɗage dannewar, suka ci gaba da girma har suka tsufa suka mutu. Haɗa shi da sinadarin arsenik ya sa yanzu mafi yawan masu wannan cuta na warkewa.

Amma maganin na da nasa haɗari. Idan tarin ƙwayoyi suka nuna lokaci guda, furotin ɗin manne na tashi a jikinsu gaba ɗaya, su cunkushe a huhu. Majiyyaci ya kama zazzaɓi, numfashi ya yi wuya, jiki ya tara ruwa. Shi ya sa likitoci ke sa ido sosai a makonnin farko na magani, kuma da zarar alamun sun bayyana suke ba da allurar dekzametason don kwantar da kumburin.