Ɗan Sanda Ya Shirga Ƙarya, Ɗan Jarida Ya Ƙara Mata Gishiri

Daga cikin wasannin kwaikwayo na 'yan sanda da aka taɓa nunawa a telebijin, kaɗan ne suka sami yabon da "The Wire" ya samu. Tashar HBO ta Amurka ce ta nuna shi daga 2002 zuwa 2008, zango biyar, kashi 60 cif. Wanda ya tsara shi, David Simon, ya yi shekaru yana ɗauko wa jaridar Baltimore Sun labaran laifuffuka, abokin aikinsa Ed Burns kuwa tsohon ɗan sandan ciki ne a birnin. Watau ganau ne su, ba jiyau ba. Amma zangon ƙarshe mai kashi 10, na 2008, ya raba kan masu kallo, ni ma na gama shi rabin zuciyata na yabo, rabi na tsaki.

Ga yadda labarin yake. Baitulmalin birni ya bushe, magajin gari Carcetti ya kwashe ɗan abin da ya rage ya toshe giɓin makarantu. Aka dakatar da binciken gawawwaki 22 da aka tsinta cikin kangaye, aikin yaran Marlo Stanfield, uban masu sayar da ƙwaya. Sai wani ɗan sandan ciki, Jimmy McNulty, ya ƙulla dabara. Ya riƙa bin gawawwakin masu kwana a titi waɗanda ajali ya ɗauke, yana shaƙe wuyansu, yana ɗaura musu jan ƙyalle a hannu, domin a zaci wani mugu ne ke bi yana kashe su. Da gari ya ruɗe aka saki kuɗi, shi kuwa ya karkata su wajen farautar Marlo.

To, a nan ne tsakin ya fara. Zango huɗu na farko ƙarfinsu shi ne duk abin da aka nuna yana iya faruwa a kowane caji ofis, wannan kuwa ya yi kama da tatsuniya. McNulty mashayi ne mai taurin kai, ana iya yarda zai aikata. Amma a ce Lester Freamon, dattijo mai natsuwa wanda muka sani da bin ƙa'idar bincike, ya shiga ciki har yana ba da shawarar a ƙara wa ƙaryar armashi, wannan lomar da ƙyar take wucewa.

Sa'an nan ga ɗakin labarai na Baltimore Sun, wanda dole ya ja hankalin duk mai cin abinci da alƙalami. Abin da aka nuna na rage ma'aikata, da sallamar tsofaffin hannu waɗanda suka san lungun gari, gaskiya ne tsantsa. Matashi Scott Templeton yana ƙaga maganganu yana sa wa mutane a baki, har ya yi da'awar wai mai kisan ya buga masa waya, alhali McNulty na zaune gabansa ya san babu wani mai kisa. Edita Gus Haynes ya yi ta jan kunne, manya suka toshe nasu domin idonsu na kan lambar girma ta Pulitzer. Illar ita ce an yi Gus waliyyi, an yi manyansa miyagu ba sirki, a wasan da ko mai kisan kai akan nuna masa ɗan gefen mutunci. Ba mamaki da wasu suka ce Simon, wanda ya bar jaridar a 1995, tsohon haushi yake hucewa. Abin dariya, Tom McCarthy da ya fito a maƙaryacin nan shi ne daga baya ya ba da umurnin "Spotlight", fim ɗin 2015 mai yabon aikin jarida.

Inda zangon ya kai ƙololuwa shi ne labaran da jaridar ta kasa gani. Omar Little, wanda ko 'yan daba kan watse in sun ji fitonsa, wani yaro ƙarami ne ya harbe shi a kanti yana sayen taba. Mai kallo ya yi shekara biyar tare da mutumin nan, amma da labarin ya iso teburin edita aka ce babu fili. Wanda ya taɓa jefa takarda kwando da daddare don shafi ya cika, tilas jikinsa ya yi sanyi.

Daga ƙarshe Templeton ya karɓi lambarsa, aka rage wa Gus muƙami, Carcetti ya zama gwamna, Marlo ya kuɓuta domin ba bisa doka aka saurari wayarsa ba. Bubbles, wanda ƙwaya ta daɗe tana wahalarwa, ya rabu da ita, 'yar'uwarsa ta buɗe masa ƙofa ya hau bene suka ci abinci tare. A wani kango kuma ga Dukie, yaron da muka sani ɗan makaranta a zango na huɗu, ya ɗaure dantsensa yana neman jijiya.