Ƙarar Bawul a Injin Tsohuwar Mota

Da kaka manyan motoci sukan shigo ƙauye ɗaukar hatsi. Da yawa tsofaffi ne, kamar Bedford da Mercedes 911. Idan ka tsaya kusa da ɗaya, wani lokaci za ka ji injinta yana ƙara, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar keken ɗinki. Wani direba zai ce ba kome. Wani kuma zai sa a ɗaure har ƙarar ta ɓace sarai. Dukansu biyu sun yi kuskure. Bari mu ga dalili.

Yadda bawul ke aiki

Inji yana numfashi kamar mutum. Kowace silinda tana da ƙofa biyu, ana kiransu bawul. Ɗaya tana shigar da iska, ɗaya tana fitar da hayaƙi.

A gefen inji akwai wani dogon ƙarfe mai tozo-tozo, sunansa kamshaf. In ya juya, tozon sai ya tura wata siririyar sanda sama. Sandar ta ɗaga gefe ɗaya na wani ɗan ƙarfe da ake kira roka. Roka kamar jigon lambu yake: gefe ɗaya ya hau, ɗayan ya sauka. Gefen da ya sauka shi ke danna bawul ta buɗe. Sifirin kuma ya mayar da ita ta rufe.

Tsakanin bakin roka da kan bawul ana barin 'yar rata. Da gangan aka bar ta, domin ƙarfe in ya yi zafi yakan ƙara tsawo.

In rata ta yi yawa, roka yana bugun bawul kamar guduma. Ita ce ƙarar da kake ji. Bawul ba ta buɗewa sosai, ƙarfin mota ya ragu, ƙarfe kuma ya riƙa cin ƙarfe.

In rata ta yi kaɗan, inji ya yi tsit, amma wannan ya fi muni. Bawul ba ta rufewa daidai. Wuta ta riƙa bi ta gefenta har ta ƙone ta. Daga nan sai an sauke kan inji, kuɗi masu yawa ke nan. Watakila kuwa a tsakiyar daji abin zai faru, da kayan mutane a bayan mota.

Yadda za ka gane ƙarar

Ka bar inji a silo. Ka ɗauki dogon sukudireba, ka ɗora bakinsa a kan murfin bawul, ka kara kunne a ƙotarsa. Ka yi nesa da fanka da bel, kada su fizgi rigarka.

Ƙarar bawul siririya ce, daga sama take fitowa. Ba ta da sauri ƙwarai, gama kamshaf yakan juya sau ɗaya in kiranshaf ya juya sau biyu.

In ƙarar mai nauyi ce, daga ƙasan inji, kamar ana daka, to ba bawul ba ce. Ka kashe inji nan take, ka kira makaniki.

Hayaƙi mai tsira daga gindin bututun salansa shi ma yakan yi irin ƙarar bawul. Za ka ga baƙin toka a wurin, ƙarar kuma takan ragu in inji ya yi zafi.

Kafin ka taɓa kome, ka duba baƙin mai. In ka buɗe murfi ka tarar roka a bushe, mai ne ba ya hawowa. Saiti ba zai yi maganin wannan ba.

Yadda ake saiti

Kayan aiki uku ne: sufana, sukudireba, da ma'aunin rata da ake kira fila. Fila siraran ƙarafa ne, kowanne an rubuta kaurinsa a jikinsa.

Kowane inji da awonsa. Injin Mercedes OM352, wanda aka fara ƙerawa a 1964, yana son milimita 0.20 a bawul ɗin iska, da 0.30 a na hayaƙi, inji yana sanyi. Milimita 0.20 kamar kaurin takarda biyu ne. Ka nemi awon naka a littafin motar ko a jikin injin. Nan za ka ga amfanin karatu. Wanda bai iya karanta lamba ba sai ya yi ta cinta.

1. Ka sa giya a firi, ka ja birkin hannu, ka sa weji. Ka cire kan batir. In injin gas ne, ka bar abin kashe shi a wurin kashewa, kada ya tashi yayin da kake juya shi.

2. Ka goge ƙura, sa'an nan ka buɗe murfi.

3. Ana ƙirga silinda daga gaba, wajen fanka. Ka juya inji da hannu yadda yake juyawa kullum. Ka zuba wa roka biyu na silinda ta 6 ido. In ɗaya yana gama hawowa ɗayan yana fara sauka, ka tsaya. Yanzu bawul biyu na silinda ta 1 a rufe suke, su za ka saita.

4. Ka sassauta noti. Ka zura fila a rata. Ka murɗa sukurun saiti har fila ya riƙa shiga yana ɗan cijewa.

5. Ka riƙe sukurun da sukudireba, ka ɗaure noti. Ka sake aunawa, don ɗaurin noti yakan gusar da saiti.

6. Sauran silinda lissafi ne. A inji mai silinda 6 a jere, wadda kake kallo da wadda kake saitawa kullum sun haɗu sun ba da 7: 6 da 1, 2 da 5, 4 da 3. A mai silinda 4, jimlar 5 ce.

7. Ka mayar da murfi da gaskit mai kyau, kada mai ya yoyo.

In ka gama ƙarar tana nan, ka duba bakin roka. In ya cinye ya yi rami, fila zai yi maka ƙarya. Ka kuma mirgina sandar a kan gilashi. In tana tangaɗi, ta lanƙwashe, sai a sake wata.

Waɗansu injuna, musamman na Amurka, baƙin mai ne ke cike musu rata da kansa. Ba a saita su ta wannan hanya. Ka tambaya tukuna.

'Yar ƙara kaɗan a tsohon inji ba laifi ba ce. Kada ka ɗaure don neman shiru. Ka bi lambar da aka rubuta.

Tambayoyi

1. Don me ake barin rata tsakanin roka da bawul?
2. Wanne ya fi haɗari, rata mai yawa ko rata kaɗan?
3. A inji mai silinda 6, in kana kallon silinda ta 3, wacce za ka saita?