Daga Tekun Fasifik Zuwa Kanal ɗin Kura

Shirinmu na musamman na yau zai faro ne daga dutsen Cypress da ke bayan birnin Banƙuba a Kanada, kafin ya sauka a gonakin Kura da Bunkure.

A watan Fabrairun 2010 birnin ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta hunturu, sai ga shi dusar ƙanƙarar da za a yi wasan zamiya a kanta a dutsen Cypress ta narke. Da manyan motoci da jirage masu saukar ungulu aka riƙa jigilar ƙanƙara daga wasu duwatsu ana zubawa a filin wasan. Ba nisa daga nan, a tsallaken iyaka cikin Amurka, akwai dutsen Baker. A hunturun 1998 zuwa 1999 ƙanƙarar da ta zuba a filin zamiyarsa ta kai kusan mita 29, abin da aka rubuta a matsayin tarihi a duniya. Yanki guda ne, amma shekarun biyu sun bambanta ƙwarai, kuma masana sun danganta bambancin da halin da Tekun Fasifik yake ciki.

Duk bayan shekara biyu zuwa bakwai, iskar da ke kora ruwan ɗumi zuwa yammacin tekun takan yi sanyin jiki, ruwan ya komo gabas wajen gaɓar Peru. Wannan shi ake kira El Nino. Idan kuwa iskar ta ƙara ƙarfi, gabashin tekun ya yi sanyi, an shiga La Nina. Sauyin yana karkatar da hanyar hadari. A shekarar El Nino, irin ta 2010, yankin Banƙuba yakan yi ɗumi. A ta La Nina, irin ta 1999, ƙanƙara takan yi ambaliya.

To, me ya haɗa manomin shinkafa a Kura da wannan labari? Ruwan da ke gudu a kanal cikin watan Maris, lokacin da tumatir ke nuna a Kadawa kuma kwanduna suka cika kasuwar Kwanar Gafan, ruwan daminar bara ne. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, yana tare abin da Kogin Kano ya kwaso daga kudancin jihar Kano. An gina shi ne don ya ɗauki abin da ya kusa kubik mita biliyan 2, Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are kuma ita ke sakinsa. Ana cewa noman rani ba ruwansa da sama, amma fa in Agusta bai cika dam ba, mai gona a wutsiyar kanal shi zai fara ji a jikinsa. Zai kwana a bakin ruwa da fartanya yana jiran layi ya zo kansa, ko ya sayi fetur ya tayar da injin ban ruwa.

El Nino kan rage wa yankin Sahel ruwa. An yi mai ƙarfi a 1972, farin da dattawa ke tunawa kuma ya yi tsanani a 1972 da 1973, ana tsakar aikin Tiga. An sake yin wani El Nino a 1982 zuwa 1983.

Sai dai ɗora wa Fasifik laifi shi kaɗai rashin adalci ne. Tekun Atlantika ya fi kusa da mu, daga can iskar damina ke ɗauko danshi. Idan ruwan Mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da kima, hadari yakan yi zamansa a kudu ya ƙi hawowa, kamar yadda aka gani a 1984. Idan arewacin Atlantika ne ya fi ɗumi, damina takan yi albarka a nan, wani lokaci har ta wuce gona da iri. Shi ya sa ba kowace shekarar El Nino ce ke zuwa da fari ba. Tana dai ƙara yiwuwarsa.

Masu filayen zamiya kan bibiyi zafin teku tun watanni kafin hunturu, su shirya injinan ƙera ƙanƙara. A Najeriya, hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma la'akari da halin Fasifik wajen ƙiyasta ranar faɗuwar ruwa da ranar ɗaukewarsa. Hasashen yakan fito ne shinkafar rani tana gona, da sauran lokaci kafin manomin Bunkure ya yanke shawarar irin da zai shuka da damina, mai saurin nuna ko mai daɗewa.