Kunkuru a tsakar gida: gaskiya da ƙarya kafin ka ɗauko shi

Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Kebbe zuwa Kuchi, ba abin mamaki ba ne ka shiga gida ka tarar da kunkuru yana jan jiki a gindin rumbu. Wani makiyayi ne ya tsinto shi a daji, wani kuma a hannun yara aka saye shi. Mai tallarsa kan ce, "Alhaji, wanga ba ya da wahala, aje shi kawai cikin gida." Maigida ya biya, yara su yi murna, bayan mako biyu kowa ya manta da shi. Maganganun da ake yi a kan wannan dabba suna da yawa, wasu gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuma ƙarya ce tsagwaronta. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ya ci, ba ya sha." Ƙarya ne.

Babban kunkurun da aka fi sani a yankinmu ɗan Sahel ne, ana samunsa tun daga Senegal har Habasha. A daji, idan bazara ta yi tsanani, yakan shige rami mai sanyi da laima ya rage motsi, sannan yana samun ruwa daga ɗanyen tsirrai. Wannan juriya ce ta sa aka zaci ba ya jin ƙishi. A tsakar gida kuwa, inda babu rami babu ɗanyar ciyawa, ƙishirwa na cinsa a hankali har ta taɓa masa ƙoda. Sai dai ba ya kuka kamar akuya, shi ya sa ba a lura. Yana buƙatar ruwa mai tsafta a faffaɗan mazubi marar zurfi.

"Komai ka ba shi zai ci." Rabin gaskiya.

Zai ci tuwo, zai ci ƙanzo, zai ci sauran shinkafa. Amma cin abu daban, amfaninsa daban. Cikinsa na ciyawa ne, kamar na jaki. Yawan abinci mai maiƙo, nama, wake ko kayan zaƙi kan ɓata masa ciki, yana kuma cikin abubuwan da ke sa ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu maimakon ya tashi sumul. Abincinsa shi ne ciyawa ɗanya da busasshiya, sai ganye kamar na kabewa a matsayin ƙari. Yana kuma son hantsi domin ƙarfin ƙashi, tare da inuwar da zai fake idan rana ta take.

"Ƙaramin abu ne, ba ya cin wuri." Ƙarya ne.

Jaririn da ke zama a tafin hannu yau, shi ne nau'i na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra. Babban namiji kan haura kilo 50, nauyin buhun siminti ke nan. Bahon wanki ba gidansa ba ne.

"Yana rushe katanga." Gaskiya ne.

Gwanin haƙa ne, ramin da yake yi a daji kan kai mita da yawa. Idan ya sami gindin katangar laka ko ƙarƙashin rumbu, nan zai fara aiki, damina ta zo ta ƙarasa. Maza biyu kuma ba sa zaman lafiya a wuri ɗaya. Hausawa na cewa kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa, amma tsakaninsu suna tunkuyi har ɗaya ya kifar da ɗaya, wanda aka kifar a rana kuwa yana iya mutuwa idan ba a juya shi ba.

"Yana shekara ɗari uku." An yi ƙari.

A watan Oktoba na 2019, kunkurun fadar Soun, sarkin Ogbomoso, mai suna Alagba ya mutu, fadar ta ce shekararsa 344. Masana dabbobi masu jan ciki sun yi shakkar wannan lissafi. Wanda aka fi amincewa da tsufansa shi ne Jonathan na tsibirin Saint Helena, da aka ƙiyasta an ƙyanƙyashe shi wajen 1832, shi kuma wani nau'i ne daban, ɗan asalin tsibiran Seychelles. Namu na Sahel kan haura shekara 70 idan ya sami kulawa. Wannan ma ya isa abin tunani. Magidanci ɗan shekara 40 da ya sayi jariri yau, 'ya'yansa ko jikokinsa ne za su gaji ciyar da shi.

"Ƙoƙon bayansa ba ya ji, a huda a ɗaura igiya." Ƙarya ce mai cutarwa.

A bakin teku akwai wata irin ƙaguwa da ke aron kwanson katantanwa ta zauna ciki, idan ta girma ta sake wani. Ita ce mai gidan aro. Kunkuru kuwa ƙoƙonsa jikinsa ne, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama shi, akwai jini da jijiyoyi a ciki. Wanda ya huda shi, ƙashi mai rai ya huda. Haka nan yaron da ke hawa kansa ko buga shi da dutse, azaba yake ba shi.

"Ai ɗan ruwa ne, a jefa shi a tafki." Ƙarya ne.

An haɗa shi da kififiya ne, wadda ake kamawa a gulbi da fadama. Ita tana iyo. Babban kunkurun tudu bai ƙware a iyo ba, ruwa mai zurfi na iya halaka shi. Gidan da ke da shi ya kamata ya rufe bakin rijiya da ramin kwata.

"Ba ya ɗauke da cuta." Ƙarya ne.

Kunkuru, kamar sauran danginsa, kan ɗauki ƙwayar salmonela a kashinsa ba tare da shi ya nuna alamar ciwo ba. A jikin mutum tana jawo zawo da zazzaɓi, ta fi tsanani ga ƙananan yara, tsofaffi da masu juna biyu. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru masu ƙoƙon da bai kai inci 4 ba tun 1975. A 2000 kuma ta hana shigo da irin namu daga Afirka saboda kaskar da ke maƙale masa, wadda kan yaɗa cutar da ke tara ruwa a jakar zuciyar shanu, tumaki da awaki. A ƙasar kiwo irin tamu wannan ba ƙaramar magana ba ce. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, a nisanta shi da madafa da kwanukan abinci, a riƙa duba hammatarsa da gindin wutsiyarsa.

"Yana tsare gida daga sammu da mugun baki." Babu hujja.

Wasu don wannan suke ajiye shi. Babu wata shaida a kai, kuma dabbar da ba ta iya tsare kanta daga yaro mai sanda ba ta da tsaron da za ta ba wani. Abin da addini ya tabbatar shi ne haƙƙin dabbar da ka tsare. Sanannen hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba saki, ya isa gargaɗi.

"Daji cike yake da su." Ƙarya ne.

Faɗaɗa gonaki, yawan kiwo, gobarar daji da kamu don sayarwa sun rage shi ƙwarai. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, sannan yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES, wadda Najeriya ke ciki, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji don kasuwanci. Mace kan yi shekaru da yawa kafin ta fara ƙwai, saboda haka duk babbar da aka ɗauke, an ɗauke zuri'a guda.

To, mai karatu, kafin ka miƙa kuɗi, tambayi kanka. Kana da fili mai rana da inuwa? Za ka iya nemo ciyawa a watan Afrilu, lokacin da tumakinka ma ke neman ta? Kana da wurin da zai fake daga sanyin hunturu? Idan ya yi ciwo, za ka kai shi wurin likitan dabbobi, ko da sai an je asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato? Wa zai karɓe shi bayanka? Idan ɗaya daga cikin amsoshin nan a'a ce, bar shi inda Allah ya ajiye shi. Idan kuma yana gidanka tuni, tashi yanzu ka zuba masa ruwa.