Tikiti Ɗaya, Ƙasashe 33: Me Ya Dawo Da Matafiyan Turai Kan Layin Dogo?

A shekarar 1972 kamfanonin jiragen ƙasa na Turai suka fito da wani tikiti mai suna Interrail, albarkacin cikar ƙungiyarsu ta duniya, UIC, shekara 50 da kafuwa. Matashin da bai haura shekara 21 ba zai biya kuɗi sau ɗaya, ya yi wata guda cur yana hawa yana sauka a ƙasashe 21. Yau tikitin ya game ƙasashe 33, yaro da babba kowa na iya saye, kuma yana da ɗan'uwa mai suna Eurail, wanda tun 1959 ake sayar wa baƙin da ba mazauna Turai ba.

Ba kullum kasuwarsa ke ci ba. Da jiragen sama masu araha irin su Ryanair da easyJet suka cika sararin Turai daga shekarun 1990, matasa da yawa sun juya wa jirgin ƙasa baya. Wa zai kwana a hanya daga Landan zuwa Roma alhali jirgin sama zai kai shi cikin awa uku, kuma sau da yawa a kuɗin da bai kai na jirgin ƙasa ba? Amma a 'yan shekarun nan lamarin ya sake juyawa, kuma dalilan sun cancanci a duba su.

Wanda aka fi ambata shi ne sauyin yanayi. Hayaƙin da jirgin sama ke fitarwa a kan kowane fasinja ya ninka na jirgin ƙasa mai aiki da lantarki sau da yawa, kuma matasan Turai sun ɗauki maganar da gaske. A watan Janairun 2019 Greta Thunberg ta tashi daga Suwidin zuwa taron Davos a jirgin ƙasa, duniya na kallo. Sai dai a ganina kishin muhalli kaɗai ba zai cika taragu ba. Abin da ya cika su shi ne gwamnatoci sun sa hannu da kuɗi da doka. Tun 2018 Tarayyar Turai ke raba wa masu shekara 18 tikitin kyauta a ƙarƙashin shirin DiscoverEU. Jamus ta sayar da tikitin wata na Yuro 9 a watanni uku na 2022, wanda ya koya wa miliyoyin mutane hawa jirgin unguwa-unguwa. Faransa kuma a 2023 ta hana wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgin sama na cikin gida, inda jirgin ƙasa ke kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi.

Jiragen dare ma sun farfaɗo. A ƙarshen 2016 kamfanin jiragen ƙasa na Jamus ya yi watsi da taragunsa na kwana, na Ostiriya, ÖBB, ya karɓi wasu layukan ya sa musu suna Nightjet. Ga mai riƙe da tikitin ƙasashe da yawa wannan babbar gara ce: ya kwanta a Biyana, ya farka a wata ƙasa, ya tsira da kuɗin otal. A 2020 kuma tikitin ya koma cikin wayar hannu, aka huta da cike takarda da biro kafin kowace tafiya.

To, me wannan dawowa ta haifar? Alherinta a fili yake. Ɗalibin da bai taɓa barin lardinsu ba yana zama tarago ɗaya da ɗan Foland da 'yar Fotugal, su raba burodi da hira. Ƙananan garuruwan da ba su da filin jirgin sama suna samun baƙi. Iyali ma na amfana, tunda yaran da ba su kai shekara 12 ba kyauta suke tafiya tare da babba.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne, tikitin ɗaya ne a waya, a kan layin dogo kuwa kowane kamfani da dokarsa. A Jamus da Suwizalan da Ostiriya, mafi yawan jirage sai dai mutum ya shiga, ya nemi kujera, mai duba tikiti ya zo ya haska lambar da ke wayarsa, shi ke nan. A Faransa da Italiya da Sifaniya kuwa, jirage masu gudun tsiya sai an kama kujera tun kafin tafiya, kuma da ƙarin kuɗi. Wasu layukan, irin su Eurostar mai bi ta ƙarƙashin teku tsakanin Landan da Faris, ƙayyadaddun kujeru suke ware wa masu wannan tikiti. Sai ka ga yarinya da jakar goyo a tashar Faris cikin watan Yuli, tikitinta lafiya lau, ma'aikaci na gaya mata kason masu tikiti irin nata ya ƙare, alhali in za ta biya cikakken kuɗi akwai wuri a jirgin da ke gabanta.

Dalilin bai ɓuya ba. Kuɗin tikitin haɗaka rarraba shi ake yi tsakanin kamfanoni, don haka kujerar da aka ba mai Interrail ba ta kawo kuɗin da ɗan kasuwa mai sauri zai biya. Na fahimci lissafin, amma ban yarda da shi ba. Ba daidai ba ne a kira matasa su bar jirgin sama, sannan a tare su a ƙofar jirgin ƙasa. Ga kuma matsalar latti: a 2023 fiye da kashi ɗaya cikin uku na jiragen dogon zango na Jamus ba su isa kan lokaci ba, kuma latti ɗaya na iya ɓatar da kujerar da aka biya a ƙasa ta gaba.

Akwai kuma cunkoso. Yawancin matafiya birane guda suke nufa: Faris, Amsterdam, Roma, Barcelona. Birnin Benis ya fara karɓar Yuro 5 daga masu yini su tafi a 2024. Ba masu jirgin ƙasa kaɗai suka jawo haka ba, amma su ma suna cikin ayarin, duk da cewa tikitinsu ne ya fi kowanne ba da damar ratsewa zuwa garuruwan da ba a rububinsu.

Ga mai karatu da ke tunanin gwadawa, tikitin ba biza ba ne. Mai fasfon Nijeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Shengen, Birtaniya kuma tata daban take. Ɗalibanmu da ke zaune a Turai da takardar zama Interrail za su saya, mai zuwa daga gida kuma Eurail. Kafin ka biya, ka rubuta hanyarka, ka haɗa kuɗin kama kujera, ka kwatanta da tikiti ɗai-ɗai. In birane biyu ko uku kawai za ka, sayen tikitin kowace tafiya da wuri ya kan fi sauƙi. In kuwa kana da makonni da haƙurin hawa ƙananan jirage, tikitin haɗaka ya fi maka.