Turancin ƙuna a bakin murhu

Bature bai yarda ƙuna iri ɗaya ce ba, kuma duk matar da ta taɓa tuƙa tuwo za ta ba shi gaskiya. Babbar kalmarsa ita ce burn, sauran duk a ƙarƙashinta suke. In talge ya fallatso wa mai tuƙi a hannu, ko tiririn tukunya ya dake ta, wannan scald ne, ƙunar ruwa, ba ruwanta da harshen wuta. In ana babbakar kan rago, wuta ta lashe gashi ta bar fata, singe ke nan. Tuwo ya kama har ya yi ƙanzo, a ce scorch. In kuwa mai girkin ta zarce hira a maƙwabta har ƙanzon ya koma gawayi, to an kai char, sai a jiƙa wa yara garin kwaki.

Sting ita ce mai yawo. Kunamar da ta fito daga cikin itacen girki ta ɗana wa mutum harbi, sting. Hayaƙin ɗanyen itace ko albasa ya cika ido da hawaye, sting. Mahauci ya tsuga maka kuɗin nama, nan ma haka za a ce ya yi maka, har tarkon da 'yan sanda ke ɗana wa ɓarawo sunansa ke nan. Smart kuma asalinta raɗaɗi ne, irin na gishiri a yankan wuƙa, 'yar'uwar Schmerz ta Jamusanci mai nufin ciwo. Daga kaifin ciwo ta koma kaifin ƙwaƙwalwa, yau ga ta manne da sunan wayar hannu.

Amma a kan barkono Bature ya talauce. Mu muna da yaji, muna da zafi, shi kuwa hot yake ce wa garwashi, hot yake ce wa attaruhu. Ba mamaki, barkono baƙo ne a tukunyarsa, sai bayan 1492 ya ƙetaro daga nahiyar Amurka. Sai dai kada a yi saurin yi masa dariya. A 1997 David Julius na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa suka gano cewa ƙofa ɗaya ce a jijiya ke karɓar saƙon biyu: zafin da ya haura kamar digiri 43, da sinadarin yajin barkono. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021. Wato harshe kansa ba ya tantance attaruhu da miya mai tafasa, shi ya sa mai cin yaji ke gumi yana hura baki ko da tuwon ya kwana.

Tsuntsaye kuwa tasu ƙofar ba ta amsa wa yaji, don haka kaza ke tsattsagar barkonon shanya hankalinta kwance.