Robar Shaf: Ƙaramar Aba Mai Tsayar da Golf a Hanyar Kibiya

Duk wanda ya saba shiga motocin haya tsakanin Rano da Kibiya ya san ƙarar nan. Mota na tafe lafiya lau a miƙaƙƙiyar hanya, amma da zarar direba ya murɗa sitiyari zai shiga tasha ko zai kauce wa rami, sai a ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashin tayar gaba. In fasinja ya tambaya, a ce masa shaf ne, zai kai. Galibi kuwa yana kaiwa ɗin. Sai dai ciwon ya daɗe da kamawa kafin a ji ƙarar, tun ranar da wata baƙar roba mai ninki-ninki ta tsage a bayan taya ba wanda ya leƙa.

Golf da Sharan da Corolla, waɗanda su ne ƙashin bayan sufuri a wannan yanki, duk tayoyin gaba ne ke jansu. Ke nan taya ɗaya ce za ta karɓi ƙarfin inji, ta juya dama da hagu, ta kuma yi sama ta yi ƙasa a cikin gargada, duk a lokaci guda. Tsohon haɗin kuros irin na farfelar manyan motoci ba ya iya wannan aiki, domin in ya lanƙwasa sosai juyinsa yakan riƙa sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye, motar ta ɗauki rawa. Alfred Rzeppa, wani injiniyan kamfanin Ford a Amurka, shi ya kawo mafita a wajajen 1926: ƙwallayen ƙarfe shida a cikin keji, kowace na zamewa a kan layinta, ta yadda kan shaf zai lanƙwasa ya haura digiri 45 kuma juyin bai canza ba. Motar Mini ta Ingila ta 1959 ce ta yaɗa wannan tsari, kuma shi ne a jikin Golf GTI, mai gudun nan da ta fito a 1976, haka ma a Golf 3 da ake lodin mutum da buhu a cikinta yau. A ɗaya ƙarshen shaf ɗin, wajen giyabos, akwai wani kan da ke shiga yana fita, shi ma da tasa robar.

Ƙarfen yana da ƙwari, yana iya shekaru bai gaji ba, muddin yana cikin giris ɗinsa kuma ƙura ba ta taɓa shi ba. Aikin robar ke nan. Tayar Golf takan juya kusan sau 550 a kowace kilomita, kuma a kowane juyi ninkin robar sai ya matse ya saki. A haɗa da zafin bazara mai busar da ita, da ƙurar hunturu, da taɓon damina a hanyoyin burji masu shiga ƙauyukan Rurum da gonakin da ke shan ruwan Tiga. Da kaka kuma motocin nan har cikin gona suke shiga ɗaukar masara da shinkafa, inda kututturen kara ɗaya ya isa ya farke robar da ta riga ta tsufa.

Da ta tsage, juyin taya sai ya yi ta watso giris waje. Wanda ya durƙusa ya leƙa zai ga baƙin maiƙo ya fantsama a cikin rim da jikin birki. Sauran da ya rage a ciki kuma ya cuɗe da yashi, ya koma tamkar dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙwallayen da layukansu a hankali.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuma darajar naira ta faɗi, kayan gyara sun yi tsadar da kowane direba ke lissafi kafin ya taɓa aljihu. Shi ya sa ake ganin dabaru: a naɗe wurin da leda, ko a ɗaure da robar tif, ko a sa sabuwar roba amma a ɗaure bakinta da waya a cika ta da giris mai launin ruwan ɗorawa na boris. Ana fahimtar halin da ya jawo haka, amma asara ce tsantsa. Waya tana yanka roba, leda ba ta kwana biyu, kuma kan shaf baƙin giris mai sinadarin molibdenam yake bukata, wanda ke jure matsin ƙarfe a kan ƙarfe. Kuɗin roba mai kyau da giris ɗinta bai kama ƙafar na shaf na hannu ɗan Beljiyam ba, wanda sau da yawa sai an aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano kafin a samo, ga kuma yinin da mota za ta yi ba ta nemo ko sisi ba.

Mai mota da hannunsa ya saba da sifana yana iya yin aikin a ƙofar gida. Babban notin tsakiyar taya ake fara sassautawa tun mota tana ƙasa, don an ɗaure shi tamau, sai an ƙara wa sifana dogon bututu. Sannan a ɗaga, a tokare motar da ƙarfen tsayawa ko kakkauran gungume, a sa duwatsu a tayoyin baya. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, musamman a kan rairayi, kuma mutane sun rasa rayukansu a ƙarƙashin motar da jak ya zame mata. In an kwance haɗin ƙasa aka janyo cibiyar taya waje, sai shaf ya zare.

A nan ne ake bukatar haƙuri. A yanke tsohuwar robar, a doki zoben ciki na kan shaf da guduma ta bayan katako har ya kuɓuce daga ƙaramin zoben ƙarfen da ke riƙe da shi. Ba a dukan kejin, yana iya tsagewa. A wanke komai da kalanzir har sai yatsa ya daina jin tsakuwa, a bar shi ya bushe a kan tsumma mai tsabta, ba a ƙasa ba. A duba layukan da kyau. In sumul suke suna sheƙi, kan yana da sauran rai. Sai a zura sabuwar robar, a matse giris ɗin da ya zo da ita kaf, wani cikin ƙwallayen wani cikin robar, a ɗan ɗaga bakinta iska ta daidaita kada ta kumbura ko ta lotsa, sannan a matse kilif ɗin ƙarfe biyu. Kada a tura motar ko taku ɗaya kafin a ɗaure babban notin nan, domin boris ɗin taya zai lalace. Bayan kwana biyu a sake leƙawa a ga ko maiƙo na tsatsowa.

In kuwa an ga ramuka a layukan, ko ƙarar ta riga ta fara, sabuwar roba ba za ta maido ƙarfen da ya cinye ba, sai an sake kan. Wanda ya ci gaba da tafiya a haka, ranar da kejin ya fashe zai ji inji na kuka, giya na ciki, mota ba ta motsi, don duk ƙarfin ya zurare ta ɓangaren da ya karye. In a guje ake, guntun shaf ɗin da ke wulwulawa yana iya tsinka tiyon man birki.